Na Je Amurka Neman 'Yan Kallo

Ranar da zan bar Kaduna, mai gidan kallon unguwarmu ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce, "Malam, tunda Allah ya yi za ka taka ƙasar, ka dubo mana gaskiyar maganar nan. Wai da gaske mutanen nan ba su damu da ƙwallo ba?" Gardama ce da ta daɗe a bencinmu. Wasu su ce Ba'amurke ko satar gida bai sani ba. Wasu su ce ai Messi da kansa can ya koma tun 2023, kuma su za su karɓi wasanni 78 cikin 104 na Kofin Duniya na 2026, ina maganar rashin damuwa? Na ce masa gani ya kori ji, in na dawo zai sha labari.

Ziyara ce ta kai ni. Yayana ya haura shekara ashirin a Bronx da ke birnin Niyok, yana tuƙin tasi, kuma tun rasuwar mahaifinmu ba mu sa juna a ido ba. Na sauka ana jibi Babbar Sallah, wadda ta kama Lahadi 16 ga Yunin 2024. Ban tsara haka ba, amma na faɗa tsakiyar kakar ƙwallo: gasar ƙasashen Turai ta fara a Jamus ranar da na sauka, ita kuma Copa América, gasar ƙasashen Kudancin Amurka, za a buɗe ta ranar 20 ga wata a cikin Amurkar kanta. Na ce a raina, in ban ga 'yan kallo a wannan watan ba, to babu su.

Ranar Sallah kam na gan su har na gaji. Bayan an sauko idi, a ƙofar masallaci, Hausar zangon Kumasi da ta Ankara ce ke tashi, ga 'yan Nijar, ga Gambiyawa, ga mutanen Gini, kuma kafin a gama barka da Sallah an shiga lissafin wasan Ingila da Sabiya da za a yi da ƙarfe uku na rana agogon can. A falon wani dattijo ɗan Gana muka kalle shi, mutum ya fi goma sha biyar, ana cin nama ana musu a kan Bellingham. Na juya na ce wa Yaya, "To ai magana ta ƙare." Ya yi dariya ya ce, "Waɗannan ai mu ne. Ka bari ka fita waje tukuna."

Fita wajen ta zo ranar Alhamis, da na je aski. Zafi ake yi a Niyok a makon kamar Kaduna a watan Afrilu, sai dai nasu da laima, rigarka ta manne maka a baya. Mai askin ɗan Jamhuriyar Dominika ne, yana magana da abokan aikinsa da Sifaniyanci, ga talabijin biyu a bango duk suna nuna besbol. Ƙarfe uku ta wuce, na san Sifaniya da Italiya sun shiga fili. Na ɗauka duk mai jin Sifaniyanci ɗan ƙwallo ne, sai na roƙe shi ya juya mana tasha ɗaya. Ya dube ni ta cikin madubi, injin aski a hannu, kamar na ce ya ba ni aron matarsa. Amma mutumin kirki ne, ya juya. Muka kalla har aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Wani baƙar fata da ke jiran layi, hular ƙungiyar besbol ta Yankees a kansa, ya tambaye ni cikin ladabi, ba da gatse ba, "Minti arba'in da biyar suna gudu, ba wanda ya samu komai?" Na ce ai daɗin kenan. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya tausaya maka. Mai aski ya mayar da tasharsa, ya ce a ƙasarsu yaro da sandar besbol ake haihuwarsa. Ƙwallo ɗaya tilo da aka ci a wasan, wadda ɗan bayan Italiya ya ci gidansu, a waya na gan ta a hanyar komawa. Hirar shagon kuwa duk a kan Boston Celtics ce, da suka ɗauki kofin ƙwallon kwando na 18 a farkon makon.

Da na kai wa Yaya ƙara, bai ce komai ba. Ranar Litinin da yamma ya ajiye mota ya ce in taso. Muka shiga jirgin ƙasa mai lamba 7, wanda ke bi ta saman titin Roosevelt a yankin Queens, muka sauka a Jackson Heights. Tun daga matakala na fara ganin rawaya. Kolombiya ke wasa da Paragwai a can Houston, nisan da ya fi na Kaduna zuwa Legas ninki biyu, amma ka rantse a bayan layin ake buga shi. Tsofaffin mata da rigar ƙwallo, jarirai a keken turawa da rigar ƙwallo, har wani kare na gani an ɗaura masa tuta. Gidajen abinci sun cika sun tumbatsa, waɗanda ba su samu shiga ba sun manna fuska a gilashi. Da James Rodríguez ya ɗaga ƙwallo aka sa mata kai ta shiga, ihun da ya tashi ya danne ƙarar jirgin da ke wucewa a samanmu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin wannan gadar ƙarfen ya san ba ƙaramin abu ba ne. Wata mata mai gasa masara ta bar masararta ta ƙone.

Na ce wa Yaya, "Su ma ai baƙi ne kamar mu." Ya ce, "Ka ga yaran can? Tambaye su inda aka haife su." Na tambayi wani saurayi, ya ce a asibitin unguwar, kuma sau biyu kacal ya taɓa zuwa Kolombiya. Turancinsa ya fi na mai hular Yankees sauri. Fasfo ɗinsa shuɗi ne. Nan na fara gane cewa tambayar da aka aiko ni da ita gurguwa ce. In an ce "Amurkawa", wa ake nufi a ƙasar da ta haura mutum miliyan 330? Mu a bencinmu, Ba'amurke shi ne farin nan na cikin fim. Shi kuwa wannan yaro da ke kukan murna don an ci Paragwai, ƙuri'arsa ɗaya da ta shugaban ƙasa.

A gidan Yaya ma akwai 'yar ƙwallo, ban lura ba sai da na ga takalmanta a bayan ƙofa. 'Yarsa ta biyu, mai shekara goma sha huɗu, tana buga tsakiya a wata ƙungiyar 'yan mata. Hausarta ta karye a wasu wurare amma tana ji sarai. Da na fara yi mata bayanin cewa Amurka ba ta taɓa cin Kofin Duniya ba, sai ta tare ni: "Baffa, sau huɗu. 1991, 1999, 2015, 2019." Na buɗe baki in ce ina nufin na gaske, Allah ya taimake ni na haɗiye. Ta san cewa mutum dubu 90 ne suka cika filin Rose Bowl a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na mata na 1999 da Sin, shekara goma sha ɗaya kafin a haife ta. Ta san Carli Lloyd ta ci Japan uku cikin minti goma sha shida a 2015, wasan da sama da mutum miliyan 25 suka kalla a Amurka. Uban kuma abin da ya sani shi ne kuɗin. A can yaro ba ya tashi ya ɗauki ƙwallon tsumma ya nufi fegi. Sai an yi masa rajista, an biya kuɗin ƙungiya, an sayi kaya, an ɗauke shi a mota ranar Asabar zuwa wata jiha. Yaya ya ce abin na cinye masa dubban daloli a shekara, kuma yawancin iyayen da yake tsayawa da su a bakin fili masu hali ne. Wasan da a duk duniya na 'ya'yan talakawa ne, a can ya koma na 'ya'yan masu mota biyu. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da na gani a Niyok.

Daga nan na hau jirgi zuwa Atlanta, tafiyar awa biyu da 'yan kai, wurin wani abokina da muka yi sakandare tare. Shi ya saya mana tikitin wasan Amurka da Panama a Copa América na ranar Alhamis 27 ga wata. Da ya faɗa mini kuɗin na buga shi da naira, dala tana wajen 1,500 a lokacin, sai da na yi salati.

Filin Mercedes-Benz abin kallo ne ko ba a wasa. Rufinsa buɗewa yake yana rufewa kamar idon kyamara, ranar a rufe yake, sanyin na'ura na kaɗawa, kana zaune kamar a ɗakin taro. Ciyawar ma shimfiɗa ta aka yi a kan ta roba saboda gasar, har 'yan Ajantina suka yi ƙorafi a kanta bayan wasan buɗewa. Mutum dubu 59 da ɗoriya ne suka shigo, kuma a nan kam na ga Amurkawan cikin fim: iyali guda, uba da uwa da yara uku, kowa da tuta a kumatu, kowa da kofin lemo kamar bokiti. A bayan raga ɗaya akwai 'yan gani-kashe-ni da ake kira American Outlaws, da ganguna, ba su zauna ba tun daga farko har ƙarshe. Kirarin dai bai wuce haruffa uku na sunan ƙasar ba, amma suna yin sa da zuciya ɗaya.

Jerin 'yan wasan ya ba ni dariya. Folarin Balogun, iyayensa 'yan Najeriya, an haife shi a Brooklyn, ya tashi a Landan. Timothy Weah, ɗan George Weah da ya sauka daga mulkin Laberiya a watan Janairun shekarar. A benci ga Yunus Musah, ɗan mutanen Gana, shi ma haihuwar Niyok. Na ce wa abokina wannan ai tawagar Ecowas ce. A minti na 18 Weah ya kai wa wani ɗan Panama hannu a ƙeya, ƙwallo ba ta kusa, alƙalin wasa ya je ya duba na'ura ya dawo da jan kati. Minti huɗu bayan haka Balogun ya ɗaure wata da ƙafar hagu ta daki ƙarfe ta shiga, na tsinci kaina a tsaye ina rungume da wani ƙaton Bature mai gemu da ban sani ba. Panama ta farke nan take, sannan saura minti bakwai José Fajardo ya ƙara ta biyu. Ƙasar da ba ta kai mutum miliyan biyar ba ta doke mai masaukin baƙi a gidansa.

To a nan na buɗe ido sosai, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mai gemun nan ya miƙo mini hannu ya ce wasa ya yi kyau, ya tambayi 'ya'yansa inda suke so a ci abincin dare. A bayan raga na ga masu jin zafi na gaske, suna ihun a kori koci, wasu sun dafe kai. Amma taron da muka fito da shi zuwa tashar jirgin MARTA taron mutanen da suka tashi daga biki ne. Kafin mu yi tasha biyu kowa ya sunkuya a kan wayarsa, kuma ba ƙwallo suke dubawa ba. A daren, da ƙarfe tara, a cikin wannan gari na Atlanta, CNN ta haɗa Biden da Trump muhawara. Sama da mutum miliyan 50 suka kalle ta. Washegari a gidan da muka karya kumallo, daga mai kawo shayi har masu ci, maganar muryar Biden ake yi. Na kasa kunne ko zan ji an ambaci Panama, ban ji ba.

Na tuna 5 ga Yulin 1994, da Roberto Baggio na Italiya ya farke mana a Kofin Duniya saura minti biyu a Foxboro, ya dawo ya ci fenariti a ƙarin lokaci. Mahaifinmu, wanda ba ya ɗaga murya, ya kashe talabijin ya shiga ɗaki, tuwonsa ya kwana a rufe. Na tuna kuma Maris ɗin 2022 a Abuja, da Gana ta hana mu zuwa Katar, matasa suka ɓalle cikin fili suna farfasa abin da suka samu. Ban ce wannan abin alfahari ba ne, abin kunya ne. Amma tazarar da ke tsakanin tuwon da ya kwana da mai gemun da ke neman gidan abinci, ita ce amsar da zan kai wa mai gidan kallo. Zuwa kallo kam suna zuwa, har sun fi kowa. Kofin Duniya na 1994 da suka karɓa, a lokacin da ko babbar gasar lig ba su da ita, mutum sama da miliyan uku da rabi ne suka shiga filaye a wasanni 52, kuma har zuwa na Katar mai wasanni 64 ba a kamo wannan adadi ba. Ba'amurke na son babban taro, ko na mene ne. Abin da ban gani ba a wurin mafi yawansu shi ne ciwon.

Ciwon nasu na wani wuri, kuma na gano inda yake ba da niyya ba. Akwai wurin da na ƙudurta tun daga gida sai na je: Athens, ba ta Girka ba, wani garin jami'a mai tafiyar awa ɗaya da rabi a mota daga Atlanta. A can filin Sanford yake. A can ne ranar 31 ga Yulin 1996 Birazil ta Ronaldo da Bebeto ke gaba da ci uku da ɗaya, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90, ya dawo ya ci ta zinare. A can ne ranar 3 ga Agusta muka ci Ajantina uku da biyu, Babayaro da Amokachi da Amunike, Afirka ta ɗauki zinaren ƙwallon ƙafa na Olamfik karo na farko. Mu 'yan Kaduna muna ɗaukar wannan kofi kamar na gidanmu, don Amokachi da Babayaro da Tijjani Babangida da Garba Lawal duk ƙurar garinmu suka sha. Ina da shekara goma sha biyu, kuma daren Birazil ba takalmi na zaga unguwa.

Muka isa ranar Litinin 1 ga Yuli, jami'a na hutu, filin a kulle. Akwai wata gada a gefensa da ake hango ciki, nan na tsaya. Kujeru sama da dubu 90, ja da fari, ba kowa, sai na'urar ban ruwa na juyawa. Na yi ta ƙoƙarin gane ragar da Kanu ya ci. Wani dattijo fari da ke yawo da karensa ya ga na daɗe, ya tsaya muka gaisa. Na ce masa daga Najeriya nake, na zo ganin inda muka ci zinare a 1996. Fuskarsa ta washe ya ce, "1996! Shekarar da suka cire mana shinge."

Sai ya nuna mini. Kewaye da filin akwai wani gajeren shingen shuke-shuke, kore shar, wanda asalinsa tun buɗe filin a 1929 yake. Filin ƙwallonsu ta Amurka, mai kama da zari-ruga, bai kai na ƙwallon ƙafa faɗi ba, don haka da Olamfik ta zo sai da aka tumɓuke shingen. Kafin a tumɓuke an yanki rassansa an kai wani wuri an rena a ɓoye, bayan gasa aka dawo da 'ya'yan aka dasa. Ya ba ni wannan labari dalla-dalla, muryarsa na rawa, shekara ashirin da takwas bayan faruwarsa. Ya ce mahaifinsa ya kawo shi filin yana yaro, shi ma ya kawo nasa, kuma da ƙungiyar jami'ar ta ɗauki kofin ƙasa na kakar 2021 bayan shekara arba'in da ɗaya tana jira, kabarin mahaifin ya je ya faɗa masa. Ya nuna mini kusurwar da ake binne karnukan da ƙungiyar ke riƙe da su a matsayin tambari, kowanne da sunansa a jikin dutse. Na yi a'uziyya a zuci, amma na gane mutumin. Shi ma tuwonsa ya sha kwana a rufe.

Na tambaye shi ko ya kalli wasanmu. Ya ce a'a, na mata ya zo, ranar 1 ga Agusta, da Amurka ta ci Sin biyu da ɗaya, don 'yarsa ta matsa masa. Amma ya tuna wasu mutane masu korayen kaya da kakaki da ganguna da suka hana garin barci. Na ce mu ne. Ya ce, "Kun ci kuwa?"

A hanyar komawa rediyon motar abokina lissafin kwanakin da suka rage ake yi kafin jami'ar Jojiya ta kara da Clemson ranar 31 ga Agusta, wata biyu cur a gaba. A daren Yurugwai ta ci Amurka ɗaya da nema a Kansas City, mai masaukin baƙi ya fita tun a rukuni. Da safe maƙwabcin abokina na ta jera tutoci a gaban gida, na ɗauka ta'aziyya ce, ashe shirin bikin 4 ga Yuli yake. Kwana tara bayan wasan aka sallami kocin, Gregg Berhalter, abin da ke nuna masu ihun bayan raga ba su da yawa amma ana jin su.

Na dawo gida na ba da rahoto a benci, kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi ya ce ai dama ya faɗa. Ranar Asabar 10 ga Agusta da daddare saƙon murya ya shigo daga Bronx. 'Yar Yaya ce, tana haki: matan Amurka sun ci Birazil ɗaya da nema a Faris, sun ɗauki zinare. "Baffa, ka kalla? Ka ga ƙwallon Swanson? Kuma ka ga wasannin Super Falcons? Sun yi ƙoƙari da Sifaniya fa." Na riƙe wayar na yi shiru. Falcons sun buga wasa uku a gasar, ko ɗaya ban gani ba. A lokacin da ake wasan zinaren ina gidan kallo, mu fiye da ɗari, talabijin uku duk suna nuna Manchester City da Manchester United a Community Shield.